Takalma a Bakin Gado

Matakala ɗari da arba'in da uku
tsakanin ƙofata da titin kasuwa.
Da ina yarinya da tsalle nake haye su, ban taɓa ƙirgawa ba.
Gwiwa ce ta koya mini lissafi.

A Valparaíso gidaje ba zama suke yi ba,
rataye suke a jikin tudu
kamar wankin da aka shanya aka manta,
wannan shuɗi, wancan ruwan ɗorawa.
Namu kore ne, in ka yafe wa tsatsar kwano.

Da asuba jirgin ruwa yakan yi gunji daga tasha,
ni kuma in miƙa ƙafa in lalubi takalmana.
Suna inda na bar su, fuskarsu na duban ƙofa.
Haka uwata ta hore mu:
ƙasar nan ba ta sallama kafin ta motsa,
kuma fasasshen gilashi bai san ɗan gida ba.

Shekarata tara daren da ta motsa da gaske.
Ba rugugin bango nake tunawa ba.
Cokula nake tunawa, suna kaɗawa a aljihun tebur
kamar haƙoran mai jin ɗari,
da mahaifina Nibaldo a tsakiyar titi da gajeren wando,
rungume da agogon bango.
Ya bar rediyo, ya bar kuɗin haya,
ya ceto agogon da bai taɓa faɗin gaskiya ba.
Muka yi dariya har cikinmu ya ƙulle.
Kukan sai da gari ya waye.

Tun daga ranar ba na sa sakata.
Ɓarawo ya shigo in ya ga dama,
zai tarar da kujera biyu da kyanwa mai ido ɗaya.

In ruwan sama ya tsuge a watan Yuli
nakan kwaɓa fulawa da kabewa, in soya,
in tsoma a narkakkiyar mazarƙwaila da ɓawon lemo.
Hannun uwata bai san awo ba.
Ni ina da kofi, ina da sikeli,
amma kullum sai wani abu ya salwanta
tsakanin kasko da harshe.
Wataƙila yunwar ce ba irin ta da ba.

Busasshiyar ciyawar teku kuwa,
wadda ake ɗaurewa tamkar igiyar guga,
shekara sittin muna gaba da ita.
Ranar Talata na sayo ƙulli guda
don kawai ƙarninta ya cika ɗakin girki,
ko zai jawo mini muryar da ke cewa
"Ermelinda, cinye, ba a barin saura."
Bai jawo ba.
Na cinye duk da haka, ina yatsina fuska ni kaɗai.

Maƙwabciyata Hortensia gobara take tsoro,
tana kwana da bokiti cike a bayan ƙofa.
Ƙanena Baldomero likita yake gudu.
Nawa tsoron ƙarami ne, ina jin nauyin faɗinsa:
ranar da zan tsaya a matakala ta saba'in
da jaka a hannu
in rasa ko hawa nake yi ko sauka.

Jiya na tsaya a can.
Numfashi nake nema, na ce wa kaina.
Wani baƙin kare mai yagaggen kunne ya zo ya zauna kusa da ni,
muka zuba wa teku ido, babu mai tambayar wani.
Ƙirgan ya kuɓuce mini.
Sama matakala, ƙasa matakala,
zuciyata tana dukan uku-uku.

Sai na ji ɗumi a ƙirjina.
Burodi ne, cikin takarda, bai huce ba.
Ashe daga gidan burodi nake. Ashe gida za ni.

Na gutsura wa karen kunnen burodin,
na kama ƙarfen gefe,
na ce saba'in da ɗaya,
ko da ba ita ba ce.